Wayar Ɗakin Kaka

Kaka ta sa an gina mata ɗaki a can ƙarshen gida, wai ta gaji da hayaniyar jikoki. Saura wuta. Babban jikanta, mai aikin lantarki, ya zo zai ja waya daga babban akwatin wutar gidan zuwa ƙaramin da ya kafa a bangonta. Kaurin wayar ya danganta ne da kayan da za a jona, in ta yi siriri sai ta ɗau zafi ta kama da wuta. Matsalar ɗaya ce: Kaka ba ta faɗin gaskiya a kan kayanta.

Da ya gaishe ta, ta ce, "Lafiya lau, miji marar cefane. Ka zo ka ƙone ni ka ci gado?"

"Gadon me? Tabarma da buta? Faɗa min abin da za ki jona, amarya."

"Ƙwan fitila ɗaya. Sai 'yar fanka."

Ya zaro wata waya siririya daga jaka. "To ga taki."

"Wannan? Ko shanya ba zan yi da ita ba! Sak ƙafarka."

"Ta ishi fanka. Amma ki ƙara mata wani abu, a ciki za ki gasu. Ga nisa kuma, kafin wutar ta iso ta galabaita, kamar ke a kan matakala."

"Ungo naka! To, akwai dutsen guga. Ƙarami."

"Sai me?"

"Hitar ruwa. Ba kullum nake wanka ba."

"Wannan kowa ya shaida. Wancan da aka lulluɓe da zani fa?"

"Akwatin kayana ne."

"Akwati mai igiyar wuta a baya?"

"Na zamani ne!"

Ya yaye zanin, sai ga firiza sabuwa fil. Ya leƙa ƙarƙashin gado, ya ci karo da kwalin na'urar sanyaya ɗaki. Kaka ta zauna daɓas, tausayin kanta ya kama ta.

"In ƙannenka suka ji akwai sanyi a nan, gaba ɗaya za su tare min. To me na gina?"

Ya jawo wata murtukekiyar waya. "Wannan ce daidai da ƙaryarki."

"Na shiga uku! Duk wanda ya ga wannan a bango ai ya san ba ta fanka ba ce."

"Zan sa ta a bututu in binne. Amma bakina ba ya binnuwa kyauta."

Ta harare shi, sai dariya ta ƙwace mata. Ta kwance mukullin ɗakin guda ɗaya daga bakin zani ta cilla masa.

"Kai kaɗai, ɓarawo. Kuma in za ka fita, ka fita kana fifita, kana cewa ɗakin Kaka zafi."