Rasuwar Jiniya, Turaren Shugaba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hancin da ya wayi gari maraya, Shugabar Sashen Ajiye Takardu tana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kwalbar turarenta, wadda ta ce ga garinku nan da safiyar Litinin, a gaban madubi, bayan doguwar jinya. A gida sunanta turaren Yaya. A ofis kuwa Jiniya ake ce mata, kuma har gobe ma'aikata sun ɗauka Shugaba ba ta san da wannan laƙabi ba.

Marigayiyar ita ce auta cikin kwalabe shida da ƙanwar Shugaba ta yo mata tsaraba shekara shida da suka wuce, a makon da aka ba ta wannan kujera. Yayyenta biyar duk sun riga ta, kowace ta yi shekararta guda ta tafi salin-alin. Kamfanin da ya haife su ma tuni ya daina haihuwar irinsu. An zagaya kanti goma sha ɗaya, an buga waya har ƙasar waje, ba a samu ko ɗan uwansu na nesa ba.

Duk wanda ya zauna da ita zai ba da shaidar ba ta da ɓoye-ɓoye. Da an fesa ta sai abarba da nunannen mangwaro su yi sallama, furen lemo da yasmin su biyo baya, can da yamma ta koma kwakwa-kwakwa, kamar mutum ya ratsa lambu bayan an ɗauke ruwa. A jikin kwalinta an rubuta cewa ta dace da mace mai fara'a, mai dariya har da ƙyaƙyatawa, mai son tufafi masu launi, wadda ba ta shiga ɗaki ba tare da ɗakin ya sani ba. Ita kuwa Shugaba toka-toka take sawa daga Litinin har Juma'a, kuma a shekara shida sau biyu aka taɓa ganin haƙoranta a ofis, ɗaya daga ciki ma atishawa ce. Ranar da aka kawo tsarabar ta karanta kwalin, ta harari ƙanwarta ta ce, "Ke, ni kika ga na yi kama da wannan?" Ƙanwar ta ce, "Yaya, ai ke ce sak. Fuskar ce kawai ba ta samu labari ba."

Babban aikin marigayiya a duniya shi ne shiga gaba. Shugaba na rufe ƙofar mota a ƙasa, ita ta riga ta haye bene, ta bi baranda, ta kutsa ta ƙarƙashin ƙofar hawa na biyu. Waɗanda suka auna sun ce tazarar minti biyu ce cif. Cikin minti biyun nan Sakatariya za ta kife wayar da take kallon fim, ta jefa jan farce a aljihun tebur, ta hau buga takarda kamar za ta fasa na'urar. Babban Akawu zai sauke ƙafafu daga kan tebur ya laluɓo takalmansa. Baba Masinja kuma, wanda ke sharar barci a kan bencin bayan ƙofa, hancinsa zai motsa sau biyu, ya miƙe zumbur ya rungumi fayil, ko da a juye ne. Daga nan Shugaba za ta turo ƙofa, fuska a ɗaure, ta tarar da ma'aikatan da suka fi kowa ƙwazo a duk ginin.

Tunda rai ya yi halinsa, babu amfanin ci gaba da rufe abin da ke tsakanin marigayiya da Shugaba, da sharaɗin kada kowa ya kai kwafin wannan sanarwa hawa na uku, wurin manya. Fesawa biyu ta ishi kowace mace. Shugaba bakwai take yi: wuya, hannuwa, gyale, jaka, har da bayan gwiwa. Sannan ta tsaya a gindin bene tana lalube cikin jaka kamar ta ɓatar da makulli, don iska ta samu lokacin yin aikinta. Dalili kuwa, ita mace ce da ba ta iya ƙarya a takarda ba. Abin da idonta ya gani, sai alƙalaminta ya rubuta. Dokar ma'aikatar kuma ba ta da wasa: takardar gargaɗi uku, sai kora, babu fansho. Baba Masinja ya riga ya karɓi biyu daga hannun tsohon shugaba, duka a kan barci. Saura masa wata takwas ya yi ritaya, bayan shekara talatin da huɗu yana hawa da sauka a benen nan. Shugaba tana jin tsohon nan a ranta kamar mahaifinta, ko da yake ba ta taɓa ce masa komai ba ban da "Baba, kai wannan ƙasa."

Ciwon ajalin ya faro ne wata uku da suka wuce. Muryar nan tata mai ƙarfi, "fssss", da ake ji har falo, ta koma "fis… fis". An yi duk abin da ya kamata. An kishingiɗar da ita, an girgiza ta, an kife ta a kanta ta kwana. Mijin Shugaba, bawan Allah da ya shekara shida yana atishawa a mota bai taɓa ƙorafi ba, ya kawo shawarar a ɗan ƙara mata ruwa. Aka yi masa kallo ɗaya, ya tuna yana da aiki a waje. Ranar Litinin aka danna ta sau uku. A na ukun ta ce "fff", iska zalla, daga nan ba ta ƙara cewa komai ba.

A ranar Shugaba ta fita da wani turare na aro, mai kunya, irin wanda ba ya rabuwa da jikin mai shi. Tare suka isa ƙofa. Ta ɗora hannu a kan mariƙi ke nan sai ta ji munshari, mai hawa da sauka, mai ɗan fito a ƙarshe. Ji dai ta yi, ba ta gani ba tukuna, don haka ta koma ƙasa da sanɗa, ta sake hawowa tana tari tana kaɗa makullai. Ta ji guje-guje a ciki, ta ji Sakatariya tana cewa, "Baba! Baba, tashi, ga ta nan!" Ta ji Babban Akawu yana jan benci. Munshari ko gezau. Ashe kunnen Baba ya daɗe da yin ritaya, hancin ne kaɗai ya rage a bakin aiki, shi kuma murya ɗaya ya sani.

Sau uku ta sauka ta hau. A na huɗu, mace mai shekara hamsin da biyu, mai digiri biyu, ta shiga ofis da baya da baya, kai a ɗage, tana faɗa a kan ƙurar da ke jikin fanka, har ta kai ɗakinta ta rufe ƙofa. Nan ta zauna ta yi kuka sosai, don ta san gobe ma rana ce, kuma ba kullum mutum zai shiga ofis da baya ba. Sakatariya da ta kawo mata shayi ta tsaya tana kallonta kamar yau ta fara ganinta. Can ta ce, "Ranki ya daɗe, ashe dama…" Shugaba ta share ido ta ce, "Ashe dama me? Ajiye shayin ki ba ni wuri."

Marigayiya ta rasu ta bar murfi guda mai ruwan zinare, da kwali guda da ya ɗan yage a gefe, da ma'aikata uku da ke zaune a tsorace. Ta bar ƙanwar Shugaba, wadda ta ce ita dama ta faɗa tun shekara shida. Ta bar mijin Shugaba, wanda atishawarsa ta ɗauke cak, ana kuma roƙonsa ya rage fara'a har a gama zaman makoki. Baba Masinja da ya samu labari ya zo har gaban tebur, ya rusuna ya ce, "Ranki ya daɗe, wallahi wannan rashi namu ne duka." Shugaba ta ce, "Na sani, Baba." Bai ji ba, ya ce amin ya fita.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis da ƙarfe takwas saura kwata, kafin a buɗe ofis. Za a kwantar da gawar a aljihun teburin Sakatariya na sama, kusa da jan farcen da babu wanda ya san da shi. Ana roƙon masu zuwa ta'aziyya kada su shafa kowane irin turare, don kada a rikita masu makoki.

Murfin kuwa ba za a binne shi ba, domin da aka sunsuna an tarar da sauran rai a cikinsa. Za a ɗaure shi a leda biyu, ya zauna a hannun Sakatariya. Ba za a kwance ba sai an ji ƙwas-ƙwas ɗin sabon takalmin Shugaba a matakalar farko, takalmin da ke matse mata ɗan yatsa amma ake jin sa tun daga bakin titi. A lokacin ne za a kai murfin hancin wanda ya fi kowa shaƙuwa da marigayiya, a yi sauri a mayar a ɗaure. Masana sun ce in an yi tattali, ƙamshin zai kai wata takwas. Shugaba ba ta roƙon ko kwana ɗaya a kan haka.