Ranar da gwiwata ta tona mini asiri

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da muka koma makaranta bayan gudun hijira ba, don a cikinta ne aka naɗa ni malamin koyar da dabarun neman aiki. Ni fa malamin labarin ƙasa ne. Amma malamin kasuwanci, wanda shi ne mai darasin, ya gudu Yola bai dawo ba, shugaban makaranta ya duba ɗakin malamai ya ga ni kaɗai ne ban iya musu ba. Aka tura ni bita ta 'yan kwanaki a Yola, aka ba mu shayi da takardu, na dawo Mubi ina jin na fi kowa sanin duniya.

Abin da na kwaso shi na juye wa 'yan aji shida. In ka je neman aiki, ka miƙe tsaye ƙyam, ka kalli mai aikin cikin ido, ka miƙa masa hannu, ka faɗi bajintarka ba kunya. Muka yi ta gwaji a ajin da rabin rufinsa ya ƙone, har hannuna ya yi tsami don musabaha. (Ga albashi ba ya zuwa kan kari, ga ni ina koya wa mutane yadda ake samun aiki.)

Wanda ya fi kowa ɗaukar darasin shi ne Zira, wani dogon yaro daga wajen Michika. Gidansu ya ƙone, mahaifinsa bai tsira ba, shi da mahaifiyarsa suna raɓe a ɗaki guda a unguwar Mugulbu. Ya gaya mini in bai sami abin yi da yamma ba, zai bar karatu ya tafi ƙodago. Sai na tuna Alhaji Sule na Sabon Layi, mai sayar da kayan gyaran keken napep, abokin marigayi babana, yana neman yaron shago. Na ce wa Zira ya sa wankakkiyar riga, kuma kada ya manta da ko ɗaya cikin abin da muka koya.

Muka iske Alhaji zaune kan tabarma a ƙofar shago tare da wasu dattawa. To, nan jikina ya ci amanata. Ban san lokacin da na tuɓe takalma ba, ban san lokacin da na durƙusa ba. Sai ji na yi ina cewa, "Alhaji, barka da hantsi, mun same ku lafiya?" Idona a ƙasa, muryata kamar ta mai neman gafara. Haka aka rene ni, bitar Yola ba ta kai gwiwata ba.

Ina nan durƙushe sai na ga inuwa ta wuce ni. Zira ne, da takalmansa har bakin tabarma, ƙirji a gaba. Ya ƙura wa Alhaji ido, ya miƙo hannu daga sama, ya ce, "Sunana Zira. Ni mutum ne mai ƙoƙari. Shagonka yana bukatan mutum kaman ni."

Wani dattijo ya dakata da jan carbinsa. Alhaji ya dubi hannun, ya dubi takalman, ya ce, "Yaro, faɗa muka yi da kai ne? Wa ya koya maka wannan?"

Zira bai ɓata lokaci ba, don na koya masa amsa tambaya kai tsaye. Ya nuno ni da yatsa, ni da nake ƙasa. "Malam ne."

Alhaji ya daɗe yana kallona, sannan ya ce a hankali, "Malam, kai da ka san durƙuso, me ya sa ka hana ɗan mutane?" Wallahi na ji kunyar da ban taɓa ji ba. Na so in tashi, na ga tashin ma wani laifin ne, sai na ci gaba da zama a kan dugadugaina ina murmushin wauta.

Ba a ɗauki Zira ba. Gurbin ya tafi ga wani yaron ajinmu da bai taɓa shiga darasina ba. A hanyar komawa, da muka kusa rabuwa, Zira ya ce, "Amma Malam, kai ka durƙusa." Ba fushi a muryarsa, kuma wannan ne ya fi yi mini ciwo.

Na yi ta zarya wajen Alhaji ina ba da haƙuri har na gaji da kaina, kafin ya tura Zira shagon ƙaninsa a unguwar Yelwa. Zira ya gama makaranta, yana can har yau. In na bi ta wurin yakan durƙusa ya gaishe ni yadda ya kamata, amma fa idonsa cikin nawa, yana danne dariya.

Har yanzu ni ke koyar da darasin, tunda mai shi bai dawo ba. Sai dai kafin in rubuta komai a allo, nakan tambayi gwiwata tukuna. Abin da ba ta yarda da shi ba, ba na ɗora wa marayan wani.