Rasuwar Goggo, Mai Magana da Muryar Baba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da miƙa lamari ga Mai Duka, Othniel Absalom na Shagari Low Cost yana sanar da 'yan'uwa, maƙwabta da abokan aikinsa na sakatariya rasuwar kwamfutarsa ta cinya, wadda gida ya sani da suna Goggo. Ta cika ranar Talata a kan teburin Zakariya mai gyara a kasuwar Jimeta, bayan jinyar da ta same ta tun ranar da ambaliya ta shiga unguwa.

Marigayiyar ta zo gidan da tsufanta, 'yar gwanjo ce mai tsagaggen murfi. Gunagunin fankarta ne ya jawo mata sunan, don ba a kunna ta ba tare da ta yi ƙorafi ba. Othniel akawu ne, ba wanda ya taɓa ɗaukarsa aikin rubuta manhaja, sha'awa ce kawai yake yi in ya taso daga ofis. Ya sa mata manhajar Linux, ya koyi yaren kwamfuta na Python a kanta, kuma har ta kai ƙarshenta bai yarda ya bar tsohon baƙin allon rubutunsa ba, duk da sababbin kayan aikin da abokai ke ta yi masa talla. Tare suka ƙirƙiri wasan dara da bai taɓa cinye kowa ba, da manhajar jera waƙoƙin kwayar coci da ta tsaya a rabi. Ba ta taɓa yi masa gorin abin da ya fara bai gama ba.

Babban aikinta ya zo ne bayan ɓarin jikin mahaifinsa ya shanye. Malam Absalom tsohon hedimasta ne, mutumin da muryarsa ke kaiwa ƙarshen filin makaranta ba da lasifika ba, sai ga shi yana neman ruwa da ido. Othniel ya ɗauko faifan bikin ƙanwarsa Keturah, inda Baba ya yi dogon jawabi, ya yi ta yanko kalmomin ɗaya bayan ɗaya yana ɗaura kowace a kan madanni. Ranar da aka ɗora Goggo a cinyar tsohon, ya daɗe yana kallonta, sannan ya kai yatsan hagu ya danna.

"Liyatu," in ji Goggo, da muryar Baba ta da.

Mama Liyatu, matar Malam, ta fito daga kicin hannu duk ƙullu, ta tsaya a bakin ƙofa ta kasa shigowa.

Gida zai daɗe yana tuna kalaman marigayiyar. "Ruwa." "Ku zauna." "Na gode," wadda guɗar matan biki ke bin bayanta ko da magani mai ɗaci aka ba shi. Jawabin ranar farin ciki ne, babu "a'a" a cikinsa ko ɗaya, saboda haka da "Ya isa" Baba ke ƙin kunu, da ita yake korar baƙin da suka zarce da zama.

Ranar ambaliyar, da asuba ruwan ya shigo, kafin a farga ya kai gwiwa. Othniel ya ga Goggo a kan kujerar tsuguno kusa da gado. Hannunsa biyu ne, ya goya mahaifinsa ya fita. Da ruwan ya janye aka tsamo ta cikin laka. Faifan bikin da filashin da ya adana kwafin komai suna cikin akwatin da har yau ba a gani ba. An binne ta cikin shinkafa don ta tsotse ruwan, an shanya ta a rana, an kai ta wurin Zakariya, wanda ya wanke cikinta ya sauya mata duk abin da ke sauyuwa. Ranar Talata ta yi ƙyas ƙyas sau biyu, fankar ta juya kaɗan, ta tsaya. Zakariya ya ajiye sukundireba bai ɗago kai ba.

Ta rasu ta bar caja mai ɗaurin salatif, da maus da ba ta taɓa shiri da shi ba, da Othniel, wanda ya san zai iya sake rubuta manhajar daga ka amma ba shi da muryar da zai zuba mata. Ya gwada ɗaukar tasa a waya. Baba ya saurara, ya juya fuska ga bango.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi a shagon Zakariya, inda za a raba allonta da batirinta ga wasu majinyata kamar yadda iyali suka amince. Madannanta kaɗai za a dawo da su gida, domin tsohon bai daina neman su da yatsa a kan zanen gado ba. Za a karɓi gaisuwa a gida bayan sujada ranar Lahadi. Ana roƙon duk wanda ya shiga gaishe da Malam Absalom ya faɗi gaisuwarsa ya zauna, kada ya tsaya jiran amsa.