Dawowa Gangara Ce

Ba zan taɓa mantawa da dawowarmu daga Chana ba, don a tafiyar nan na zubar da sunan da na yi shekara ashirin ina ginawa a Dawanau. Ni ne mutumin da in mota ta tashi da riɗi, nake faɗa maka awar da za ta shiga Legas. In direba ya makara, na san ya ratse.

Mu biyu muka je ganin injin gyaran riɗi, ni da Alhaji Sule, maƙwabcina a kasuwa, ɗan Tofa (mutumin kirki, amma magana ba ta kwana a cikinsa). Da jirginmu zai tashi daga Adis Ababa zuwa Gwanzu ta Chana, na duba tikiti, na ɗebe lokacin tashi daga na sauka, na ce masa awa goma sha biyar ne. Agogona ya nuna awa goma da 'yan kai muka yi, muka sauka. Na ce, "Alhaji, wannan direban ƙafarsa da nauyi. Da zan samu irinsa, da na ba shi tirela."

Ranar dawowa na sake lissafi, sai ga awa biyar da rabi. Alhaji Sule ya ce yaya aka yi hanya ta ƙanƙance? Ban ko yi jim ba na ce, "Zuwa hawa ne, dawowa gangara."

Awa biyar ta cika, na gyara hula, na sa takalmi. Shida, shiru. Bakwai, ko alamar ƙasa babu. Abin da na sani game da direbobi ya motsa. Na kira ma'aikaciyar jirgi, na nuna mata tikiti, na nuna agogo, na haɗa guntun Turancina na ce a tambayi direba inda zai kai mu. Kuma ban faɗa a hankali ba. Na miƙe tsaye, har na juya ina shaida wa Hausawan da ke baya cewa an ratse da mu.

Wata Hajiya 'yar kasuwar Kwari, mai saro atamfa, ta zare abin sauraro daga kunnenta ta ce, "Alhaji, zauna don Allah. Agogon Chana ya riga na Adis da awa biyar. Tafiyar ɗaya ce, zuwa da dawowa. Saura awa uku da wani abu."

Na ce, "To gangarar fa?" (Wallahi da bakina na faɗa.)

Ta ce, "Wace gangara? Ɗanbatta za ka?"

Alhaji Sule ya rufe fuska da bargo, kafaɗunsa suna rawa. Na zauna, na cire takalmin, na yi awa uku ina karanta takardar da ke nuna yadda ake ɗaura bel.

Kafin na isa gida labari ya riga ni. Uwargida ta tare ni da, "Sannu da gangarowa."

Inji dai na sayo shi, yana aiki lafiya. Sunan kuwa ya tafi: yau ko 'yan dako Alhaji Gangara suke kira na. Yanzu in hanya ce da tayata ba ta taɓa takawa ba, ina tambaya tukuna, kuma a zaune.