Harshen da Ya Yi Karatu a Sin

Wani mutum ne a Funtuwa, Alhaji Tanimu, sau ɗaya tak ya raka maigidansa saro kaya a ƙasar Sin, amma tun daga ranar kunnen majalisa bai sake hutawa ba. Ko atishawa ka yi, sai ya ce ba haka ake yinta a can ba. Babban abin taƙamarsa kuwa soya sos ne, baƙin ruwan nan na waken suya da ake ɗiga wa abinci.

"Ni harshena a Sin ya yi karatu," in ji shi. "Ido rufe sai in gaya muku gonar da aka noma waken."

Ranar nan Malam Ɗalha, tsohon hedimasta, ya kuskura ya ce shi dai daddawa ta fi masa. Alhaji ya tuntsire da dariya.

"Malam, kai fa a fannin ɗanɗano jahili ne!"

Jahili! Mutumin da alli ya ci wa yatsu, wanda ya yaye likitoci da alƙalai! Malam ya miƙe, ya gyara zaman gilashi.

"Ka janye kalmar nan, gaban waɗanda suka ji ta."

Alhaji ya ce sai dai bayan ransa. Sunan kuwa ya bi Malam har masallaci, tuwo ya daina shigar masa.

Ana nan sai ga saƙo daga 'yar Malam, Rumasa'u, mai karatun likita a Sin: kwalabe uku, duk baƙaƙe, da rubutu kamar sawun kaza. Ta riga ta yi masa bayaninsu a waya. Bayan la'asar ya ɗauko su a jaka sai majalisa, don a san shi ma yana da nasa a can. Kafin ya buɗe baki, caraf, Alhaji ya wafce jakar.

"A sayo awara mai zafi! Yau zan ba ku darasi."

Ya ɗiga ta farko, ya tauna. "Tsararo ce, gishiri ya yi mata yawa. Ta 'yan koyo."

Ya ɗiga ta biyu. "Mai kauri, zaƙi-zaƙi. Ta soya shinkafa ce. Ba laifi."

Ya ɗaga ta uku ga rana, baƙa ƙirin, ko haske ba ya ratsa ta. "Allahu akbar! Sarauniyar ke nan! Ita nake ci kullum a Sin."

Malam ya ɗaga yatsa. "Alhaji, waccan ta ukun..."

"A'a! Yau kai ne ɗalibi. A ajinka ana katse malami?"

Shekara da shekaru Malam yana sa ɗalibai kamun kunne a kan wannan laifi, ba shi zai karya doka da tsufansa ba. Ya sauke yatsa, ya harɗe hannu.

Alhaji ya tsiyaya bul-bul-bul, ya dangwala, ya kai loma. Fuska ta yamutse, ido ya kawo ruwa, amma girman kai rawanin tsiya, ya haɗiye ƙut.

"Kun ji ɗaci-ɗacin nan? Shi ne shaidar ta asali." Ya ƙara da kurɓa, ya washe baki.

Can sai Baba Iro, dattijon majalisa, ya faɗo daga benci, tim, yana riƙe da ciki. Haƙoran Alhaji, leɓe, harshe, har farin gemu, duk sun koma gindin tukunya.

"An tashi darasi?" in ji Malam. "Ɗalibi zai iya magana?"

"Faɗi."

"Tawada ce. Rumasa'u ta san ina son rubutu, ta haɗo mini da ita."

Alhaji ya yi wuf ya suri buta. Yana wankewa, baƙi yana yaɗuwa har kumatu. Malam ya tsaya a kansa ƙiƙam.

"Kalmata, Alhaji."

Alhaji ya rufe baki da hannun riga. "Na janye."

"Na baya ba su ji ba. Sauke hannu, ɗaga murya."

"Na janye!"

Mutane suka sake zubewa. Malam Ɗalha ya toshe kwalbarsa, ya duba abin da ya rage a ciki, ya girgiza kai.

"Na karɓa. Ni ma na yarda harshenka ya yi karatu a Sin. Ga shaida nan, har tawadar bai gama bushewa ba."