Jakar da Na Ɓoye a Filin Ƙwallo

A shekarun da bam ke tashi a tashoshin motar Gombe, ni ne mai kula da kayan ƙungiyar ƙwallonmu ta Gabukka. Da ƙyar muka kai wasan kusa da na ƙarshe, sai Alhaji mai ƙungiyar ya rasu, 'ya'yansa biyu suka hau rigimar gado. Babban ya rantse sai ya ƙwace rigunan 'yan wasa ranar karawar.

"Ku bar ni da shi," na ce, har da bugun ƙirji. Da sassafe na cusa rigunan a gana-mas-go, na tura ƙarƙashin bencin 'yan kallo, na tafi shan shayi ina jinjina wa kaina.

Ina dawowa na tarar ana ihun "Bam! Bam!", dattawa na tsallake katanga. 'Yan sanda suka killace filin, suka tarwatsa jakar a kan idona. Aka ba abokan karawarmu wasan. Daga ranar ƙungiyar ba ta sake taɓa ƙwallo ba.

Har yau ko ledar tumatir na ajiye a kasuwa, tsohon golanmu sai ya ja da baya ya ce, "Malam, mu ruga ne, ko wannan ma riguna ne?"