Anzar Huseina Ta Shiga Jarida

"...Lahiya lau, amarya. Ina gajiya?"

"Gawa na gajiya? Ai yunwa ta kashe ni tun watan jiya, kai ka yi shela."

Alƙasum ke nan da kakarsa Huseina, a tsakar gidanta a Tawa. Yana aiki da wata jaridar Yamai, irin wadda idan akuya ta yi tari sai ta buga cewa annoba ta sauka. Zuwansa na baya ya tarar da tsohuwa tana jiƙa 'ya'yan anza, abincin shekarun fari, wanda ita don marmari take ci. Ya ɗau hoto. Sai ga ta a shafin farko: an yasar da tsohuwa, tana cin anza don yunwa. Rumbunta kuwa cike yake da gero.

Ya ajiye mata goro da shayi. Ta tura su gefe da ƙafa.

"Sadaka ta? Bi layi. Matan unguwa sun riga ka, kowace da kwanon hatsinta."

"Haba tsohuwa, hice na sa kinka yi! Zawarawa har daga Barmu za su zo."

"In sun zo na sake ka, miji mai saida matatai ga takarda."

"Wa zai kwashe ki? Haƙori ukku gare ki, biyu na gardama."

"Ukkun sun isa cin anza. Kai da talatin, ƙarya kaɗai kake taunawa."

Ya yi dariya, ita ba ta yi ba. Ya ce hoton kawai nasa ne, mai jaridar ne ya ƙaga kan labarin, kuma za su buga gyara. Ta tambaye shi a wane shafi. Ya ce can ciki, a ƙasa.

Nan ta gaya masa abin da ke cinta. Ɗanta Souleyman, kawunsa, shekara ashirin yana dako a Abijan, kuma shi ke cika rumbun nan kowace kaka. Hoton ya bi wayoyin Adarawan can, mutanen yankinsu, yanzu nuna shi suke, wai ga wanda ya bar uwarsa da yunwa. Ya kira ta yana kuka. Wannan ne ya ƙona mata rai.

Ta shiga ɗaki ta fito da ƙwarya.

"Ga tukuicin goronka, angona."

Anza ce ɗanya, ko ruwa ba ta gani ba. Ya san sai an yi kwana da kwanaki ana jiƙa ta kafin ɗacin ya fita. Ya watsa a baki, ya tauna, idonsa ya kawo ruwa, ya haɗiye.

"Kin ci wasan, tsohuwa," ya ce, yana 'yar dariyar dole.

Ta danna waya ta miƙa masa.

"Kawunka na. Karanta mashi gyaran da bakinka, tun ɗacin bai wuce ba."